Yaran da Ƙasa Ke Ja

Muntaka yana da shekara shida ranar da uwarsa Hansai ta ga abin da ya sa muciya ta suɓuce daga hannunta. Da hantsi ne, a gidansu na Batsari, 'yan shekaru bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu. Yaron yana zaune a tsakar gida yana wasa da ƙwallon goruba, sai yayarsa Lami ta kira shi ya zo ya sha koko. Bai miƙe kai tsaye ba. Ya juya ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ɗaga ƙugu sama, sannan ya kama gwiwarsa, ya kama cinyarsa, yana hawan jikinsa da hannuwansa a hankali har ya tsaya. Ya nufi Lami yana rangaji a kan yatsun ƙafa, ciki a gaba.

Hansai ta san wannan tashi. Haka yayanta Jinjiri yake tashi a gidansu na Yasore lokacin tana ƙarama. Da ya kai shekara goma ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa, aka mai da shi wani ɗaki a bayan rumbu inda baƙo ba ya leƙawa. Idan mutanen gida suka tafi gona aka bar ta ita kaɗai, takan ji shi yana jan jiki a kan tabarma, suuu, ya tsaya, suuu, ya tsaya, yana neman bakin ƙofa ya ga haske. Hankalinsa garau yake. Yana yi mata tatsuniya, yana saƙa mata 'yan faya-fayai, har hannuwan ma suka daina. Ya rasu gemu bai fito masa ba. Ba wanda ya taɓa kiran sunan ciwon a gidan. Maƙwabta dai sukan ce ƙasa ce ke jan sa.

Mijinta Badaru mahauci ne a kasuwar Batsari, kuma ba abin da yake alfahari da shi kamar ƙafafun ɗansa.

"Dubi sha-raɓar yaron nan," in ji shi. "Ɗan kokawa ne. Kafin ya yi kaciya zai fara ka da sa'o'insa."

"Maigida, taɓa ka ji," in ji Hansai.

Badaru ya durƙusa yana dariya, ya kama sha-raɓar ya matsa, yadda yake matsa cinyar sa kafin ya yi ciniki. Dariyar ta tsaya. Ya sake matsawa, ya koma ɗaya ƙafar. Ta yi girma, ta yi tauri, amma babu rai a cikinta.

"Wannan ba tsoka ba ce," ya faɗa ƙasa-ƙasa, don kada yaron ya ji.

Suka yi abin da kowa zai yi. Aka sha rubutu, aka yi ƙaho, aka jiƙa saiwoyi. Wani mai magani ya ce shan-inna ne, amma Badaru bai yarda ba, domin shan-inna dare ɗaya yake kama yaro ya bar ƙafa a shanye, wannan kuwa a hankali yake tafiya, ƙafar tana ƙara cika ƙarfin yana raguwa. Da damina ta kama, Muntaka ya daina iya hawa dokin ƙofar zaure sai ya dafa bango.

Hansai ta ɗauke shi a jaki suka tafi Yasore wurin uwarta Saude. Tsohuwar tana tsinke zogale lokacin da suka shiga. Ta amsa gaisuwa, ta tambayi gida da maigida da kasuwa, amma idonta yana kan jikanta. Da yaron ya zauna ya zo tashi, ta kau da kai.

"Iya, kin gani," in ji Hansai.

"Na gani."

"Mine ne?"

Saude ta aiki Muntaka ya je ya ga 'yan tsaki, sannan ta ba ta labarin da Hansai ba ta taɓa ji ba. Kakar Saude, sunanta Gambo, ba a san asalinta ba. Zamanin hare-hare, kafin zuwan Turawa, mafarauta suka tsince ta a tsakiyar dajin Rugu, yarinya ƙarama ita kaɗai a gindin wata kuka, inda ko babban mutum ba ya kwana. Jikinta ba ƙwarzane, ba alamar yunwa. Aka tambaye ta wa ke ba ta abinci, ta nuna ƙasa. Har ta mutu ba ta ƙara cewa komai a kan wannan ba. Ta yi aure, ta haifi mata da yawa, duk suka rayu suka hayayyafa. Mazan kuwa, wanda ya tsira ya tsira, sauran ƙasa ta janye su tun suna yara. Haka ya bi 'ya'yanta mata da jikokinta mata, a Yasore da Safana da Babban Duhu, duk inda aure ya kai su.

"Cewa aka yi alkawari ta ɗauka wa abin da ya riƙe ta a daji," in ji Saude. "Allah ne masani. Mu dai an hore mu mu yi shiru, mu yi haƙuri."

"Ƙanen naki da kike cewa ya mutu da zazzaɓi fa?"

"Shi ma."

Hansai ta dawo Batsari da wannan labari a cikinta. Ta daina barin Muntaka ya zauna a ƙasa tsirara, kullum sai ta shimfiɗa masa buzu, ita kanta ba ta san amfanin hakan ba.

Bayan kaka aka ji likita Bature zai zo rangadi ƙaramin asibitin da ke Safana. Mai kula da wurin, Malam Yusha'u, yakan sayi nama wurin Badaru, shi ya ce su kawo yaron. Likitan dogo ne, fatarsa duk ta ƙone da rana, ga alamar gajiya, don tun safe yake duba masu gyambo da ciwon ido. Ya ce a zaunar da Muntaka a ƙasa, a ce ya tashi. Yaron ya dafa, ya kama gwiwa, ya kama cinya, ya tsaya. Likitan ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce a sake. Sannan ya tambaya, Malam Yusha'u yana fassarawa, ko an taɓa ganin haka a dangin uba. Badaru ya ce a'a. A dangin uwa fa? Hansai ta sunkuyar da kai.

"Yayana," ta ce. "Da kawuna."

Likitan ya yi magana mai tsawo. Malam Yusha'u ya fassara.

"Ya ce ya san ciwon. A ƙasarsu ma akwai shi, amma da wuya a gan shi. Ya ce kada ya ruɗe ku, ba shi da maganinsa, kuma bai san wanda ke da shi ba. Akwai dai masu bincike a kai. Yana so ya sanar da su akwai shi a nan, su sa ƙasar nan cikin bincikensu, amma manyansa ba za su saurare shi a kan yaro ɗaya ba. In da wasu, yana so ya gan su baɗi war haka."

"In babu magani, kallon na mine ne?" in ji Badaru.

"Ya ce ba wanda zai nemi maganin ciwon da aka ɓoye a ɗaki."

Aka sa mai shela ya zaga kasuwanni. Ba wanda ya fito. Aka riƙa cewa Bature jinin yara yake so, wasu suka ce in ya ɗauki hotonsu kurwarsu ta tafi ke nan. Watanni suka wuce. Muntaka ya fara faɗuwa ba tare da ya yi tuntuɓe ba, kamar wani ya fizge shi daga ƙasa.

Hansai tana sana'ar daddawa, tana cin kasuwannin ƙauye. Wata rana ta ce wa mijinta tana so ta bi gidajen jikokin Gambo ɗaya bayan ɗaya.

"Kin san abin da za ki jawo wa Lami?" in ji Badaru. "In maganar nan ta fita, wa zai zo neman aurenta?"

"Na sani. Amma in ta haifi nata ya tashi haka, mi zan ce mata? In ce ta yi shiru ta yi haƙuri?"

Washegari Badaru da kansa ya ɗaura wa jaki akumari.

Gidan da ya fi tsaya mata a rai na Babban Duhu ne. Ta isa da azahar, a tsakiyar damina, gero ya rufe hanya har ya fi kanta tsawo. Gidan yana can gefen ƙauye, na wani manomi Daudu, wanda matarsa daga zuriyar Gambo take, ta wata ɗiyar. Ta yi sallama, ba a amsa ba. Ko kaza babu a tsakar gidan. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi, sai ta ga wani sawu da ba na mutum ba, ba na dabba ba. Tafin hannu a dama, tafin hannu a hagu, a tsakiya kuma wata shara mai santsi, kamar an ja buhu. Sawun ya fito daga wata bukka a bayan gida, ya je bakin randa, ya koma. Kusa da shi akwai wani irinsa, ƙarami.

Ta tsaya riƙe da igiyar jaki, ta kasa gaba ta kasa baya.

"Shigo, Gwaggo," in ji wata murya daga cikin bukkar. "Sun tafi gona."

Ta sunkuya ta shiga. Sai da idonta ya saba da duhun ta gan su. Yara biyu maza. Ƙaramin yana jingine da bango, ƙafafu a lanƙwashe. Babban yana kwance a kan tabarma, kuncinsa a ƙasa, ya kai shekara goma sha biyar. Goshinsa da idanunsa na Jinjiri ne sak, har sai da ta ja da baya.

"Ya aka yi ka san mace ce?" ta tambaya.

"Tun daga rafi muke jin tafiyarki, ke da jakinki. Mu da ke ƙasa mun riga kowa jin tafiya."

Sunansa Sada. Ya tambaye ta daga ina, ta ce Batsari. Ya tambaya ko gaskiya ne mota tana tafiya ba a ja ta. Ta zauna tana ba su labari har Daudu da matarsa suka dawo. Da Daudu ya ji abin da ya kawo ta, fuskarsa ta canja.

"Baiwar Allah, ba mu da marar lafiya a gidan nan da za a kai wa Nasara. Ɗiya mata uku gare ni. Kina so in tona wa kaina asiri a kasuwar Safana?"

"Ni ma ɗiya mace gare ni, Malam. Kuma nawa yaron zan sa a gaba, kowa ya fara ganinsa."

"To ki sa naki."

Ta tashi za ta tafi, sai muryar Sada ta fito daga bukka, ba da ƙarfi ba.

"Baba, ni ina so in ga Safana."

Matar Daudu ta raka ta har bakin gero, sai da za su rabu ta kama hannunta ta matse.

Haka ta yi ta yawo. Wasu gidajen aka kore ta, wasu aka ba ta ruwa aka ce ba su san zancen ba, alhali tana jin motsi a bayan zana. A wani gida tsohuwa ta watsa toka a inda ta zauna tun kafin ta fita. Cinikin daddawarta ya ja baya, don an fara cewa matar nan tana yawo da abin a jikinta.

A kasuwar Ruma wata Bafulatana mai sayar da nono, sunanta Inno, ta bi ta har bayan rumfuna. Ta ce ta ji abin da take tambaya. Ta ajiye ƙwaryarta, ta durƙusa a ƙasa, ta dafa, ta kama gwiwa, ta kama cinya, ta miƙe.

"Haka?" ta ce.

"Haka."

"Ɗana ne. Ya daina bin shanu. Muna ɗora shi a kan takarkari, san da ke ɗaukar mana kaya, in za mu tashi."

Da lokaci ya matso, matsalar ta koma yadda za a kawo yaran da ba sa tafiya, da abin da za su ci su da iyayensu. Badaru ya je wurin Sarkin Fawa ya faɗa masa komai, bai rage ba. Mahauta suka ba da jakunansu da nama. Matan unguwa, har da waɗanda suka yi gulmar Hansai, suka riƙa aiko da gero da gyaɗa, wasu a ɓoye, ta hannun 'ya'yansu. Malam Yusha'u ya roƙi liman ya yi magana bayan sallar Juma'a. Liman ya ce ciwo daga Allah yake, neman sanin sa kuma ba saɓo ba ne.

Ranar ta faɗo a ranar kasuwar Safana. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin wata tsamiya kusa da asibitin. Hansai ta zaunar da Muntaka shi kaɗai a tsakiya, kamar yadda ta yi alkawari, mutane suna wucewa suna kallo. Hantsi ya yi, ba kowa. Sannan Inno ta ɓullo da ɗanta a kan takarkari. Sai wata mata daga Yasore da ɗanta, da Saude a bayanta tana dogara sanda. Sai wasu yara uku. Can rana ta ɗaga sai ga Daudu, ya goyo Sada a bayansa kamar jariri, ƙafafun suna reto, matarsa tana biye da ƙaramin a jaki. Yara takwas suka taru.

Kasuwa ta watse ta dawo gindin tsamiya. Ba wanda ya san suna da yawa haka. Akwai wanda ya shekara goma yana maƙwabtaka da ɗaya daga cikinsu bai taɓa ganinsa ba. Yaran sun yi fari saboda zaman ɗaki, suna ƙifta ido a cikin haske.

Likita ya ce waɗanda ke iya tashi su tashi. Su biyar ne. Ba wanda ya ba su alama, amma tare suka juya, tare suka dafa ƙasa, tare suka ɗaga ƙugu, hannuwa suka bi gwiwa suka bi cinya, kamar abu ɗaya ne ke riƙe da su duka yana sakinsu a hankali. Wata tsohuwa ta ce a'uzu billahi ta ja jikarta baya.

Muntaka ne ya fara dariya. Ya nuna ɗan Inno da yatsa.

"Kai ma haka kake yi? Na ɗauka ni kaɗai ne!"

Ɗan Fulanin ya yi murmushi. Sauran suka kama dariya, har Sada da ke kwance. Mutane suka saki numfashi.

Likitan ya wuni yana aiki. Ya auna ƙafafu, ya ɗauki hoto, ya ɗebi jini kaɗan a 'yan kwalabe. Badaru ne ya fara miƙa hannun ɗansa, kowa ya ga yaron bai mutu ba. Da la'asar likitan ya sa Malam Yusha'u ya faɗa wa taron da ƙarfi cewa ciwon a jini yake, uwa ce ke ɗauke da shi ba tare da ta sani ba, kamar yadda take ba ɗa kamanninta. Ba laifinta ba ne. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko ta zama wuri ɗaya. Ba kowane ɗa namiji yake kamawa ba, ba kowace ɗiya ke gadonsa ba. Ya ce a riƙa fito da su rana, a riƙa miƙe musu gaɓoɓi, a kula da tari da wuri.

Saude ba ta saurari likita sosai ba. Ta matsa kusa da Inno tana tambayarta asali: uwarta wace ce, kakarta wace ce, ko suna da dangi a Yasore, ko an taɓa aurar musu da Bahaushiya. Inno ta ce su daga arewa suka gangaro, daga ƙasar da Faransa ke mulka, shekarun baya kaɗan, kuma ba ta taɓa jin wata Gambo ba. Tsohuwar ta daɗe tana kallon yaron.

"To shi wannan wa ya ɗaukar masa alkawari?" ta ce, ba da kowa take ba.

Abin da Badaru ya ji tsoro ya faru. Mutanen da suka fara kawo gaisuwa don Lami suka janye ba tare da sun ce komai ba. Lami ta yi kuka, ta yi kwanaki ba ta yi wa uwarta magana ba. Sai bayan shekara biyu wani tela mai suna Barau ya fito. Badaru ya zaunar da shi a zaure ya gaya masa yadda abin yake, yana iya zuwa, yana iya ƙin zuwa. Barau ya ce ya ji, ya kuma gani a Safana da idonsa, yana so a haka.

Sada ya rasu kafin kaka ta zagayo. Likitan ya dawo shekara biyu a jere, yaran da ake kawowa suka ƙaru, sannan aka yi masa canjin wuri. Wanda ya gaje shi ya ci gaba da zuwa, ya ce an aika da jinin da hotunan can inda ake binciken, an kuma amsa cewa suna da amfani. Magani dai bai zo ba. Amma a Batsari aka daina kai irin yaran nan bayan rumbu. Muntaka ya yi sauran shekarunsa a rumfar ubansa, a kan wani ɗan amalanke da maƙeri ya haɗa masa, yana soke tsire a tsinke har hannuwansa suka gaza, daga nan ya koma kiran masu saye da baki. Tari ya kama shi wata damina yana da shekara goma sha takwas, ya tafi da shi.

Ana cikin zaman makoki wata mata ta yi sallama a ƙofar gida, ƙafafunta duk taɓo. Ba wanda ya san ta. Ta ce sunanta Safiyatu, daga hayin daji ta fito, ta ɓangaren Zamfara, an ce mata ta nemi gidan mai daddawa. Da ta ga taron mata da tabarmi ta gane abin da ya faru, ta fara ba da haƙuri tana ja da baya. A bayanta akwai yaro goye, wanda ya wuce shekarun goyo.

Hansai ta share fuska da gefen mayafi, ta tashi.

"Sauke shi, ki huta," ta ce. "Lami, kawo musu ruwa, ki ɗumama tuwon nan. Gobe in Allah ya kai mu sai mu tafi Safana."